Wat Biyar Don Garayar Kawu

A Gaya, idan za a yabi amfilifaya, nisanta ake faɗa. Za ka ji an ce ta masallacin unguwa kaza har bakin tasha ake jin ta, ko a ce ta mai maganin nan ita kaɗai tana rufe kasuwar Kademi. Masu hayar kayan sauti idan suka kawo gyara shagona, tambayarsu ɗaya ce: wat nawa za ta ba ni? Shekara goma sha biyu ina wannan sana'a, ban taɓa samun wanda ya ce in gyara masa daɗin sauti ba. A ƙara mata ƙarfi, shi ke nan.

Ba na ganin laifinsu. Ladan yana so a ji shi a ƙarshen gari, ɗan siyasa yana so ya danne abokin hamayya, mai talla yana so ya jawo na nesa. Duk wannan aikin nisa ne. Amma akwai sautin da ba don nisa aka yi shi ba, kuma sai da na haɗa wata 'yar amfilifaya mai wat 5 da hannuna, saboda garayar kawuna, sannan na san yawan aikin da ke tsakanin ƙara da murya.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Yana zaune a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ajingi, tafiyar da ba ta kai awa guda a babur daga Gaya ba. Tun yana saurayi yake kaɗa garaya. Wasu da sun ji an ce garaya sai bori ya faɗo musu a rai, amma tasa ta mafarauta ce da manoma da gidan biki. Itace ne aka fafe aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya biyu, da ɗan guntun busasshiyar fata da yake kaɗawa da shi. A ƙarshen sandar akwai wasu 'yan ƙarafuna masu kacau-kacau, waɗanda shi yake kira 'yan amshinsa. Sautinta na zaure ne da tsakar gida, inda mutum talatin ko arba'in za su zauna su ji.

Da masu DJ suka shigo ƙauyuka da manyan sifikokinsu, gayyata ta ja baya. 'Yan kaɗan da suka ci gaba da kiransa sukan kafa masa makirfo a gaban garayar, a haɗa da amfilifayar da aka yi don ihu, sai ka ji kamar ana dukan bayan langa. Wata rana ya dawo daga wani biki ya ce wa matarsa, "Ni na kaɗa, amma ban san wadda ta yi magana ba." Ya rataye garayar a ƙusa a zaure. Shekara uku ba ta sauko ba.

Sai aka sa ranar auren autarsa, bayan kaka. Da 'yar fari ce, kunya ma ba za ta bar a yi maganar ba. Auta kuwa ta kafe sai mahaifinta ya kaɗa mata ranar wuni. Shi kuma ya san hannunsa ba kamar da ba ne, hayaniyar mata kaɗai za ta haɗiye garayar idan babu inji, idan kuma da inji, to a cikin gidansa za a kunyata shi. Da na je gaishe shi ya ce, "Ɗan nan, in akwai injin da zai ɗaga ta bai canza mata harshe ba, kawo. In babu, ku bar ni da mutuncina."

Na ce, "Kawu, a ba ni zuwa kaka."

Abin da na dogara da shi yana ƙarƙashin bencin shago. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a Fagge ya koyi gyaran rediyo a shekarun 1970, kuma ya bar mini gawarwakin wasu tsofaffin akwatuna da masu su ba su dawo karɓa ba. Cikinsu akwai wani babban Philips mai jikin katako, irin mai bawul. Irin waɗannan ne a ɗakunan masu hali lokacin da BBC ta fara shirin Hausa a 1957.

Ga matasan da suka buɗe ido da wayar hannu, bawul 'yar kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta kaf. A ciki akwai siririyar waya da take yin ja kamar garwashi, tana ɗumama wani ƙarfe har ya riƙa sakin ƙwayoyin lantarki, su kuma su ruga zuwa wani faranti da ke kewaye. Tsakaninsu akwai raga. Ɗan ƙaramin motsin lantarki a kan ragar nan shi ke rage ko ƙara yawan abin da ke wucewa, kamar yaron da ke tsaye a bakin ƙofar ruwa a gonar rani: hannunsa ɗaya ne, amma ruwan fadama guda ke bin umarninsa. Wani Bature ɗan Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya fara yin kwalbar a 1904, sannan Lee de Forest na Amurka ya yi mata ƙarin da ya sa ta iya ƙara ƙarfin sauti a 1906. Da aka ƙirƙiro taransisto a 1947, mai arha, mara zafi, mai aiki da batir, sannu a hankali duniya ta juya wa bawul baya.

Makaɗan jita ne suka ƙi saki. A 1948 kamfanin Fender na Kalifoniya ya fito da wata 'yar amfilifaya don masu koyo, wadda aka sani da Champ, mai ƙarfin kusan wat 5. Daga baya manyan makaɗa suka riƙa shiga da ita ɗakin ɗaukar sauti, suna barin manyan a waje. Saboda irinsu ne har yau ake ƙera bawul a Rasha da Sin da Sulobakiya. Dalilin kuwa a kunne yake. Idan aka matsa wa taransisto fiye da ƙarfinsa, yanke kan sautin yake yi kamar da wuƙa, shi ya sa yake tsaga kunne. Bawul lanƙwasa shi yake yi a hankali, kuma a cikin lanƙwasawar yakan haifo wata murya a saman ta asali, kari ɗaya amma siririya, kamar yaro yana bin babba a waƙa. Wannan ɗan ƙurar da ke bin sautin ita masu jita ke kashe kuɗi suna nema.

Da na fahimci haka sai na ga ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kunnen Bahaushe bai taɓa son sauti wankakke tas ba. Don me ake gitta tsirkiya a kan fatar ganga, in ba don ta yi ɗan zirr a bayan kowane bugu ba? Don me Kawu ya saƙala 'yan amshinsa a kan sanda? Kuma maƙwabtanmu Buzayen Nijar sun riga sun nuna cewa jita da amfilifaya suna iya koyon harshen wannan yanki. Mdou Moctar, wanda yanzu yake zagaya duniya, da wayar birkin keke ya yi jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, wanda ya yaɗu daga waya zuwa waya. In jita ta samu, me zai hana garaya?

Taswirar Champ shafi ɗaya ce, tana nan a intanet. Ita na bi, amma da kayan da ƙasa ta ba ni. Babban bawul na ciro daga Philips ɗin Baba, mai lamba EL84. Taransifoma biyu ma daga can: mai ba da wuta, da mai miƙa sauti ga sifika. A nan rediyon Turai ya fi mini na Amurka, domin an naɗe taransifomarsa don wuta irin tamu mai bolt 220 zuwa 240, su kuwa can 120 suke amfani da ita. Ƙaramin bawul na gaba, ECC83, wanda Amurkawa ke kira 12AX7, wani ɗan kasuwa a Sabon Gari ya sa aka kawo mini daga Alaba ta Legas. Kondansa duk sababbi na saya, don tsofaffin sukan bushe ko da ba a taɓa su ba.

Farantin ƙarfen da za a ɗora komai a kai, a nan gida aka lanƙwasa shi. Gaya ba a koya mata ƙira. Labarin baka ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajidda wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, kuma wani maƙeri daga Gaya mai suna Kano shi ya je gindin Dala neman tama. Maƙerin da na kai wa aikin bai tambaye ni wat nawa ba. Ya juya takardar, ya auna da ɗan yatsa, ya ce in dawo jibi. Kafinta ya yi akwatin, bayansa a buɗe, muka ɗaura sifika mai inci 8.

A nan dole in ja kunnen duk wanda wannan labari zai ba sha'awa. Cikin wannan 'yar akwati akwai bolt 250 zuwa 300, kuma manyan kondansa suna riƙe wutar ko bayan an zare filogi. Tana kisa. Dokar Baba ita ce hannun hagu a aljihu idan ana awo, kuma ba a taɓa komai sai an sauke wutar ta cikin rizisto an tabbatar da mita. Wanda iyakarsa gyaran waya, ya nemi wanda ya sani ya tsaya a kansa.

Mako uku na yi ina liƙi da dalma bayan sallar isha. Wani ɗan bautar ƙasa da ke koyarwa a makarantar sakandare ya ara mini jitarsa ta lantarki. Na kunna, muka jira bawul ya yi ja, ya ja tsirkiya ɗaya. Ta yi magana. Yaron ya zauna ya kaɗa har ƙarfe goma sha ɗaya, ya ce in sayar masa. Amma haɗawa kashi ɗaya ne cikin uku na aikin. Sauran biyun saiti ne.

Na farko, gurnani. Wutarmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kuma amfilifaya mai bawul tana jin wannan kamar yadda take jin kiɗa. Maganinsa haƙuri ne: a tufke wayoyin da ke kai bolt 6.3 ga garwashin kamar igiya, a kwantar da su a gefen faranti nesa da hanyar sauti, a juya taransifoma biyun kada su fuskanci gefe ɗaya, a tara duk wayoyin ƙasa wuri guda. Sai da ta kai idan na kunna da dare, kukan gyare ya fi nata ƙarfi, sannan na wuce.

Na biyu, yawan wutar da babban bawul zai riƙa sha yana zaune ba ya aiki, kamar yadda makanike ke daidaita bugun inji a tsaye. Rizisto ɗaya ne ke hukunta wannan. Takardar masu EL84 ta ce om 135 a kan bolt 250, kuma farantinsa ba ya ɗaukar zafin da ya wuce wat 12. Idan ya sha da yawa, farantin ya yi ja, kwanansa ya ƙare da wuri. Idan ya sha kaɗan, sautin ya rame. To amma wanda ya rubuta takardar nan yana zaune ne inda wuta ba ta hawa da sauka. Ni na sa om 180. Na rasa ɗan ƙarfi, na sayi tsawon rai.

Na uku shi ne ainihin aikin, domin taswirar don jita aka zana ta. Jita ta lantarki maganaɗisu ne ke jin motsin tsirkiyarta ta ƙarfe. Tsirkiyar Kawu kuwa zaren kamun kifi ce, maganaɗisu bai san da zamanta ba. Sai na nemo ɗan faifan nan mai kama da kwabo da ake samu cikin agogon ƙararrawa, wanda ke mai da girgiza ta zama lantarki. Inda za a manna shi ya ci mana yini guda. A tsakiyar fata, dum-dum kawai yake ji. A jikin itace, sautin ya bushe. Muka dace a gefen fata, dab da inda ta haɗu da itace, muka liƙa da kakin zuma don kada a ɓata garayar.

Sau huɗu na ɗaura akwatin a bayan babur zuwa ƙauyen, da ƙarfen liƙi da gwangwanin kaya. Kawu bai san rizisto ba, ni kuma ban san garaya kamar shi ba, sai muka samu harshen da za mu yi ciniki. Zai kaɗa, ya karkata kai, ya yanke hukunci.

"Ta cika ciki."

Wato ƙasan sautin ya yi yawa, bugun hannunsa a kan fata yana danne tsirkiya. Kondansar da ke miƙa sauti daga bawul zuwa bawul ita ce ƙofa: babba tana barin kauri ya wuce, ƙarama tana tace shi. Na cire mai 0.022 ta taswira na sa 0.01. Ya ce da saura. Na sa 0.0047. Ya gyaɗa kai.

"Yanzu kuma tana cizo."

Faifan nan yana da kaifi, yana fito da ƙarar guntun fatar da ke taɓa tsirkiya fiye da kima. Na ƙara maɓallin murɗawa da 'yar ƙaramar kondansa mai zubar da kaifin zuwa ƙasa. Ya murɗa da kansa har ya tsaya inda ya so.

"Ta yi ladabi da yawa, ɗan nan. Garaya ba amarya ba ce."

Wannan ya fi ba ni dariya, kuma ya fi kowanne daidai. A taswirar akwai rizisto mai om 22,000 da ke ɗebo kaɗan daga sautin da ya fita ya mai da shi baya a juye, don amfilifayar ta riƙa gyara kanta. Idan abin da ke komawa ya yi yawa, sauti ya fito a natse, sumul. Idan aka cire shi gaba ɗaya, ya yi kaushi, ya yi tsalle. Na cire, ya ce ta yi rashin kunya. Muka tsaya a 47,000. A nan ne idan ya kaɗa a hankali take fita garau, idan ya danna da ƙarfi sai ɗan ƙurar nan ya taso a bayanta. Hannunsa ne ke hukunci, ba maɓalli ba.

Sai ya ajiye garayar ya dube ni. "Ina 'yan amshina?"

Faifan da ke kan fata ba ya jin ƙarafunan da ke can ƙarshen sanda. Na manna na biyu a jikin sandar, na rage masa ƙarfi da rizisto don kada 'yan amshi su fi mai waƙa. Da ya sake kaɗawa bai ce komai ba. Ya dai ci gaba, ya wuce inda yakan tsaya, har matan gida suka leƙo.

Zuwa na huɗu iska ta juya. Garayar da muka saita a ƙarshen damina, fatarta a sake, yanzu hunturu ya ɗaure ta tamau, sautin ya ƙara kaifi. Ba a taɓa cikin akwati ba. Kawu ya sa ƙusa ya yi zane biyu a gefen maɓallin murɗawa, ɗaya na damina, ɗaya na hunturu.

Saura wuta. Ƙaramin janareta zai iya ɗaukarta, tunda abin da take ci bai wuce na ƙwan fitila mai wat 40 ba, amma ƙararsa za ta binne abin da muka sha wahala a kai. Mai shagon cajin waya na ƙauyen ya ara mana batirin sola da inbata mai ba da wuta sumul, domin masu arhar nan zirin ƙararsu yana shiga sifika. Akwatin kuma muka ajiye shi a gaban Kawu ta hagu, yana kallon jama'a, don idan sifika ta fuskanci fatar garaya, su biyun sukan kama kuka.

Wani zai ce wat 5 me za su yi a gidan biki? Kunne ba ya ƙirga wat kamar yadda ake ƙirga kuɗi. Kafin mutum ya ji sauti ya ninka sau biyu, sai an ninka ƙarfin inji kusan sau goma. Mai wat 50 ninki biyu kawai ta fi tamu a kunne, mai 500 kuma ninki huɗu. Tsakar gida ba ta buƙatar haka.

Ranar wuni, bayan la'asar, ya zauna a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa. Sautin ya cika gidan ya tsaya a bakin zaure. Waɗanda ke waje ba su ji sosai ba, don haka suka matso. Mata suka riƙa yi wa junansu alama a yi shiru, abin da ban taɓa gani a gaban babbar sifika ba, domin ita ba ta roƙon kowa ya saurara. Wani tsohon mafarauci da ke tsaye a zaure ya ɗaga sandarsa sama, ya daɗe bai sauke ba. Amarya tana cikin mayafi, ban ga fuskarta ba, amma na ga kafaɗunta. Ya yi wajen awa ɗaya da rabi.

Bayan isha mai DJ ya kafa kayansa a dandali, matasa suka yi rawa, an ce har ƙauyen gaba an ji. Ba ni da ƙorafi, ni nake gyara masa kayan. Kuma ba zan ce akwatina ya ceci garaya ba. Cikin 'ya'yan Kawu babu wanda ya koya, jikokin kuma waya ce a hannunsu. Abin da na sani shi ne tun daga ranar ya karɓi gayyata biyu, kuma da sharaɗi yake karɓa: da akwatinsa zai zo, kada a haɗa shi da na kowa.

EL84 ɗin nan ya girme ni, kuma bawul yana da kwanaki kamar mai rai. Saura guda ɗaya a ƙarƙashin benci, na naɗe shi a tsumma. Kamfanin Fender yakan manna 'yar takarda a cikin akwatunansa mai nuna wane bawul ke zama a ina. Ni ma na rubuta tawa da Hausa na manna a ciki, don wanda zai buɗe bayana. A gaban kowace lamba na sa dalilinta da bakin Kawu: 0.0047, don kada ta cika ciki. 47,000, don kada ta yi ladabi da yawa. 180, saboda wutar ƙasarmu. A ƙasa da jan biro na rubuta a sauke wuta kafin a sa hannu. Yaron shagona, wanda ya zo koyon canza gilashin waya, ya kwafe ta a littafinsa, ya kuma tambaye ni ko akwai amfilifayar da za ta dace da kukuma. Na ce ya je ya nemo mai kukumar tukuna.